Ledar Ƙasa Mai Sunana

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na dawo daga Shinkafi na hangi ƙanen mijina Hamisu cikin gonata da bokiti a hannu ba. Ko na so in manta ma, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba. Har gobe in na gitta gindin dogon yaron da maza ke zama, sai wani ya yi gyaran murya, wani ya juya ya tambayi na kusa da shi lafiyar shanu. Ni kuwa sai in gyara mayafi in ƙara sauri, raina yana tafasa, don ba ni da wanda zan kama da laifi sai kaina. To, kaina da Tumba. Da shi Hamisun ma, in dai gaskiya za a bi. Bari in zayyana muku, ku yi mana alƙalanci.

Ni mace ce da aka sani da sanyin murya. Marigayi mai gidana yakan ce in ina magana sai ya matso, kamar mai sauraron rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Na raini 'ya'yana ba a taɓa jin muryata ta tsallake katanga ba. In aka ɓata mini, sai in yi murmushi in ce ba komai, in ɗauki maganar in ajiye ta a inda nake ajiye maganganu. (Wurin nan yana da faɗi, amma ashe yana cika.) Kuma na yi karatun yaƙi da jahilci da girmana, ina goye da yaro ina koyon baƙi da wasali. Ina karanta Hausa sarai, ina rubuta sunana ba tare da an riƙe mini hannu ba. Ni ce ma mai yi wa matan unguwa nasiha su daina kai kukansu wurin boka. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani a gaba.

Da mai gida ya rasu ya bar mana gona biyu. Babbar tana can wajen hanyar Kurya Madaro, kuma tun da 'yan bindiga suka mai da dajin nan nasu ba wanda ya sake kai fartanya can. Saura ɗaya ke nan, jigawa ce a bayan gari, ta hanyar Sakajiki. Ita ce tuwonmu, ita ce kununmu, ita ce takalmin makarantar yara. Iyakarta ɗaya da ta Hamisu, don asali gonar mahaifinsu ce aka raba biyu.

Gonar nan kuwa ta yi shekaru tana ja da baya. Kowace damina sai in matse in sayi yuriya, farin takin nan mai kama da sukari, in watsa. Gero ya yi kore shar, ya yi tsawo har ya rufe mutum, in yi ta murna. Ranar girbi kuma zangarniya ta fito siririya kamar wutsiyar ɓera. Ta Hamisu da ke manne da tawa ba ta yin haka. Ban taɓa cewa komai ba, amma ina gani.

Shi Hamisu, ku san shi, mutum ne da magana ke yi wa tsada. Ko'ina ƙanen miji abokin wasa ne, ni nawa ko dariya sai da dalili. Bayan na fita takaba ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya ce in noman ya yi mini yawa in bar masa ya riƙa yi, ya kawo mana hatsi. Na yi godiya da muryata mai sanyi, na ce zan iya. Sannan na ɗauki maganar na kai ta ma'ajiya. Daga ranar, duk alherin da ya yi mini sai na juya shi na duba ƙarƙashinsa.

To a kakar da nake ba ku labari, 'yar farina da ke aure a Shinkafi ta haihu. Muna gama yankan gero na tafi, na zauna da ita har ta gama wankan jego. Kafin in dawo an girbe dawa, an ɗaure, an kai rumbu. Hamisu ne ya tsaya a kai, kuma bai aiko ya gaya mini ba. Washegarin dawowata na ce bari in leƙa gona in ga kara kafin a saki dabbobi su shiga kiwo.

Tun daga nesa na hango mutum a tsakiyar gonata. Na laɓe bayan tarin kara. (E, ni mai jikoki, na laɓe.) Hamisu ne, da bokitin roba da fartanya. Tafiyarsa ce ta fara tsinka mini zuciya. Ba miƙewa yake ba kamar mai duba gona. Sai ya nufi dama ya tsaya, ya share ganye da ƙafa, ya sara rami, ya yanki ƙasa daga gefen ramin ya jefa a bokiti. Sai ya karkata hagu ya yi nisa, ya sake tsayawa, ya sake sara. Haka ya riƙa ratsa gonar kamar tafiyar maciji, tun daga gabas har yamma. Da ya zo kusa da gawon da ke tsakiya sai ya kewaye shi, bai taɓa ƙasar gindinsa ba. Da ya zo suri ma ya kauce. Na ce a raina, lallai an gindaya masa sharaɗi, an ce kada ya taɓa gidan masu wurin. Da ya gama ya tsuguna ya cuɗa ƙasar da hannu biyu, ya cuɗa, ya tsince tsakuwa da saiwa, ya ɗebi kamar cikin kwano ya zuba a farar leda, ya ɗaure. Sannan ya zaro alƙalami daga aljihu ya yi rubutu a jikin ledar.

(Ku da kuka san aikin gona na zamani kun riga kun gane. Ku yi mini shiru. Ni a lokacin ban gane ba.)

Abin da mai hankali zai yi shi ne ya fito daga bayan kara ya ce, sannu da aiki, me ake yi? Ni kuwa na bari ya wuce, na lallaɓa na koma gari, ƙafafuna suka kai ni gidan Tumba.

Tumba maƙwabciyata ce, mai ƙuli-ƙuli. Daga Zurmi aka auro ta, kuma babu wani abin tsoro da ya taɓa faruwa a duniya wanda ba ta san irinsa ya faru da wata 'yar'uwarta ba. Na same ta tana matsar tunkuza. Na ba ta labari a hankali, ina fata ta ce mini ba komai ba ne. Ta saki tunkuzar, ta goge hannu a zane.

“Ƙasar gonarki? Ya cuɗa? Ya ɗaure?”

Na ce ƙwarai.

“Da rubutu?”

Na ce da rubutu.

“To ke mi kike jira, sai an ɗauke ki da gonar? Wagga ita ce anka yi wa ƙanwar innata. Shekara ba ta zagayo ba da bakinta ta ce a zo a karɓi gonar, ta gaji da ita.”

Na ce mata ni fa ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba, na yi karatu. Ta ce ai shi abin bai tambayar ko an yi karatu. Ta tuna mini gerona da ke lalacewa, ta tuna mini nasa da ke kyau, ta tuna mini maganar da ya yi bakin ƙofa, wadda ni da kaina na taɓa gaya mata. Kafin ta gama, ma'ajiyar nan tawa ta buɗe. Duk abin da na haɗiye tun rasuwar mai gida ya taso mini har wuya. Marayu! Gona ɗaya tak da ta rage wa marayun ɗan'uwansa!

Shawarar Tumba ita ce kada in yi faɗa, in mai da masa abinsa. In nemo ledar kafin ya kai wa mai aikin, in zubar da ƙasata, in cika ta da ƙasar da shi yake takawa kullum. Duk abin da aka karanta a kai, kansa zai sauka.

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, na shiga gidan Hamisu kamar mai zuwa gaisuwa. Matarsa tana can ƙurya tana fama da tukunya. A zaure, bayan tabarmi, a inuwa, na ga ledar an kwance bakinta tana shan iska. Na ɗaga. Ga sunana ɓaro-ɓaro, har da na mahaifina. Akwai wani ɗan rubutun Turanci a ƙasa, wanda ya fi ƙarfin karatuna, kuma na ɗauke shi a matsayin ainihin mugun abin. Wallahi ranar na gode wa Allah da ya sa na yi yaƙi da jahilci. Na ce da ban iya karatu ba da an cuce ni ina kallo.

Yanzu ina ne Hamisu ke takawa kullum? Gonarsa akwai 'yar tafiya, kuma liman ba ya jan huɗuba. Sai na tuna turken shanun huɗarsa a bayan gida. Safe da yamma yana wurin, yana ba su harawa, yana shafa musu wuya (su dai yana yi musu magana). Na zagaya na kwashi ƙasar wurin, baƙa wuluk, mai laushi, shekara da shekaru na kashi da fitsari. Na ga launinta ya bambanta da na tawa, ta jigawa fara ce. Sai na haɗa da yashin tsakar gidansa. Na ga akwai burbushin harawa, na ruga gidan Tumba na ari rariya, na tankaɗe ta tas kamar garin tuwon baƙi. Na cika ledar daidai inda take, na mai da ita bayan tabarmi. Tawa ƙasar kuwa na ƙulle a gefen zane na kai gona na watsa da bisimilla. Na dawo gida ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Tunda nake ban taɓa yin aiki mai tsabta irin wannan ba.

Daga nan na shiga fushin masu haƙuri, wanda ba a ji, sai dai a gani. In Hamisu ya gaishe ni in amsa da ƙyar. Matarsa ta aiko da dambu, na ba kaji. Na hana yarana cin komai a gidan baffansu, ban gaya musu dalili ba. Ina ta zuba ido in ga abin ya fara kama shi. Ran nan na ji yana tari, na ce to, an fara.

Abin da ya ƙara hura ni, wata rana a bakin rijiya wata mata ta ce mini, “Ashe ke ma an kai ƙasarki? Hamisu ya kyauta.” Na dube ta sama da ƙasa. Wato gari duk ya sani, har ana yi mini ba'a a fuska. Na ce mata, “Allah ya fi su,” na ɗauki tuluna. Ta bi ni da kallo baki buɗe. Kun ga, nan ma an miƙo mini gaskiya a tafin hannu, na ture.

Sai da rani ya yi nisa, matar Hamisu ta leƙo ta ce mini, mai gida ya ce in gaya miki gobe da hantsi akwai taron manoma a firamare, kuma lallai ki je, da sunanki. Da sunana. Na ce to. Don kada a ce na bi umarninsa, da gangan na ƙi tafiya da wuri. Na yi wanki, na share tsakar gida, na sake sharewa, sai da rana ta ɗaga sosai na saka mayafi. Wannan jinkirin shi ya kashe ni, don duk bayanin da zai cece ni an yi shi ina can ina sharar da ba ta da datti.

Na tarar ajin ya cika, maza gaba, mata a baya wajen taga. Na raɓa na zauna kusa da Tumba, wadda ba ta da ko kunya ɗaya ta gona amma ba a taro babu ita. A gaban allo ga Malama Rahila, malamar gona. Mutuniyar Filato ce, Kirista, ta daɗe tana aiki a nan Ƙaura, kowa ya san ta da babur ɗinta da hular rana. Tana kiran sunaye tana gaya wa kowa abin da zai sa wa gonarsa. Wane, kai takin kamfa za ka sa tun wajen shuka, cikin murfin kwalba a kowane rami, kada ka watsa. Wane, kai takin supa gonarka ke nema, ka rage yuriya. Wane, taka ta yi tsami, sai ka haɗa da toka da takin gida. Kuma an ce takin tallafin da ƙungiyar manoma ta samo, a kan wannan za a raba shi, kowa abin da gonarsa ke buƙata. Na ji daɗin wannan. Na ce yau marayuna za su samu. Yadda aka yi ta san ciwon kowace gona kuwa, ban tsaya tambayar kaina ba. Na ɗauka ilimi ne.

Sai ta kira sunana. Ta daɗe tana duban takardar hannunta. Ta ce ita dai tunda take aiki a ƙasar nan ba ta taɓa ganin jigawa irin wannan ba. Gonar nan babu abin da ta rasa, har ya yi mata yawa. In aka ƙara mata taki ma ƙona shuka zai yi. Saboda haka bana babu kasona a rabo. Ta ɗaga kai za ta ƙara wata magana, ina jin tambaya za ta yi, amma ban bari ba.

Abin da kunnena ya ji shi ne: babu kasona. Gonar da ke ba ni wutsiyar ɓera, ita ce ba ta rasa komai ba? Na hango ƙeyar Hamisu a layin gaba. Na ce wato abin nasa ya ci duk da na juya shi, ya rufe wa malamar ido, a hana ni taki, gona ta mutu, in kai masa da hannuna. Tumba ta zungure ni da gwiwar hannu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryar da ta fito daga bakina, ni kaina ban san ina da ita ba. 'Yan aji na kusa sai da suka leƙo ta taga.

“Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne, kuma na san wanda ya ƙulla! Ga shi nan zaune, Hamisu! Da idona na gan shi cikin gonata shina tafiya kamar maciji, shina tonon ƙasa nan da can, ya cuɗa, ya ɗaure a leda, ya rubuta sunana. Don in gaji in bar mishi gonar marayu! To bari ka ji, ban kwana ba. Na shiga zaurenka ranar Juma'a, na zubar da ƙasata, na cika maka ledar da ƙasar turken shanunka. Har tankaɗewa na yi! In ma wani abu anka karanta, kanka zai ƙare!”

Na tsaya ina haki. Ajin ya yi tsit. Na ɗauka tsit ɗin nasara ne. Har na gyara tsayuwa.

Malama Rahila ta ajiye takardar a hankali. Ta cire tabarau.

“Mama, yi haƙuri. Daga ina kika ce kin ɗebo ƙasar?”

“Turken shanunshi,” na ce, da ƙarfi, don na baya su ji.

“To,” in ji ta. “Ashe turken shanu muka kai awo.”

Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta jawo bokitin roba. Ta ce tunda Mama ba ta nan da aka yi bayani, bari ta maimaita. A kaka, bayan girbi, kafin dabbobi su shiga, ake ɗibar ƙasar gona a kai ɗakin awo a ga abin da ta rasa, yadda ake ɗibar jinin mara lafiya. Ba a ɗiba wuri ɗaya, sai an ratsa gonar. Sai ta kama tafiya a gaban allo, dama, hagu, dama, tana sunkuyawa kamar mai sara. Tafiyar macijin nan dai, sak. Ta ce ana kauce wa gindin gawo da suri don ƙasarsu ta fi ta sauran gona ƙarfi, za ta ɓata awo. A cuɗa, a ɗaure, a rubuta sunan mai gona. Ta ce lokacin da ta zo ina Shinkafi, kuma Malam Hamisu ne ya tsaya ya ce lallai a sa gonar marayun ɗan'uwansa, shi zai ɗebo.

Kowane taku ta yi a gaban allon nan, ji nake kamar a kan fuskata take yin sa. Ina tsaye. Na rasa yadda ake zama.

Wani dattijo a gaba ne ya fasa shirun. Ya ce, “Kai, Hamisu, barka. Ashe shanunka sun ci jarrabawa.”

Ajin ya tarwatse. Maza suna dukan benci, mata suna toshe baki da mayafi suna hawaye. Malamar ta juya ta fuskanci allo, amma kafaɗunta sun tona ta. Kuma kun san wadda dariyarta ta fi ta kowa tashi? Tumba. Tumba! Har da riƙe ciki, tana ce wa ta kusa da ita ai ita tun farko ta ga abin bai yi kama da asiri ba. Da ba don ina cikin kunyar da ta fi ƙarfin faɗa ba, da ranar an ga na biyu.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Hamisu bai ko waiwayo ba. Ƙeyar nan dai da na tsana, ita na ci gaba da gani, sai dai ta ɗan sunkuya.

Da aka lafa na tambayi malamar, da tsohuwar muryata da ta dawo, ko za a sake. Ta ce motar da ke kai ƙasa ta riga ta tafi tun kaka, rabo kuma an gama tsara shi, sai baɗi in Allah ya kai mu. Ta ce in leƙa abin da aka rubuta wa Hamisu in kwatanta, tunda iyakarmu ɗaya. Wato da hannuna, da rariyar aro, na tankaɗe takin marayuna na zubar. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin zafi a ƙirji. Dariyar mutane mai sauƙi ce.

Da la'asar na tafi ba shi haƙuri. Na same shi, ina kuwa, a turke. Na shirya kalamai masu taushi tun daga gida, amma da na buɗe baki sai na ji na ce, “Kai ma mi ya hana ka gaya mini?”

Ya ci gaba da zuba harawa. “Kin tambaye ni, Yaya?”

Na ce mutum ya shiga gonar mutane da bokiti, ai shi ya kamata ya yi bayani. Ya ce dawar da ya girbe mini ma bai yi bayani ba, kuma ban ce asiri ba ne. Sannan ya juyo ya dube ni, abin da bai cika yi ba.

“Gonar ɗiyan ɗan'uwana zan ci? Ni?”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na durƙusa nan gefen shanun da suka ci jarrabawa na ba shi haƙuri, ina kuka, kuma ina jin haushinsa a lokaci guda, don har yanzu ina nan a kan bakana: da ya buɗe baki ya yi jimla ɗaya, da duk ba a yi haka ba. Ya ce ya wuce.

Ana gab da saukar damina, wata safiya yarana suka shigo suka ce Baffa yana gonarmu da amalanke. Na tafi, wannan karon ban laɓe ba. Na tarar ya kankare turken nan kaf, takin da ya saba kai wa tasa gonar, yana sauke mini shi tsibi-tsibi. Na ce Hamisu, taka fa? Ya ce, fuskarsa ba alamar wasa, “An auna an ce babu irinshi. Kuma da sunanki ya ci.” Shekarun da na yi a gidansu, ranar ce kaɗai ya taɓa tsokanata, kuma sai da ya bari na fi kowa rashin bakin ramawa.

Shi ya rufa mana asiri a daminar. Ba mu cika rumbu ba, amma ba mu sayi hatsi da wuri ba. Da kaka ta zagayo, ni da kaina na ɗauki bokiti da fartanya, da rana tsaka, na ratsa gonata dama da hagu, na kewaye gawo, na kauce wa suri, na rubuta sunana da hannuna. Da sakamako ya fito, aka ce supa gonar ke kuka a kai tun tuni, yuriyar da nake ta watsawa ganye kawai take ciyarwa, tana kuma ƙara wa ƙasar tsami. Wato mai yi wa gonata asirin nan da na yi shekaru ina nema, ita ce ke ɗaura mini zane kowace safiya.

Ranar da nake ɗibar ƙasar, Tumba ta biyo ta hanya da tiren ƙuli-ƙulinta, ta tsaya ta ce mi nake yi. Na ce mata aiki nake yi wa wata maƙwabciyata. Ba ta yi dariya ba. Ni kuma sai a ranar na gaya mata abin da na tankaɗe da rariyarta. (Na wanke kafin in mayar, amma wannan ban gaya mata ba.)

Abin da na koya, in ma na koya: haƙurin da ba ya tambaya ba haƙuri ba ne, ajiya ce, kuma ranar da za a kwashe ta a gaban jama'a ake kwashewa. Yanzu in na ga mutum cikin gonata, ko da tukunya ya zo a ka, fitowa nake in ce sannu, me ake yi? Taro kuwa, tun ana share aji nake isa.